Amsa kan takalmin gudu ga mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa

Ɗan'uwa ka ce tafin ƙafarka a shimfiɗe yake, ka fara gudu sai ƙwauri ke maka ciwo, wane kambas za ka saya. To ni dai na daɗe ina gudu, kuma a ganina ana zuzuta maganar siffar ƙafar nan fiye da kima.

Eh gwajin nan na jiƙa ƙafa ka taka takarda zai nuna maka ko tafinka na da rami ko babu, amma ai a tsaye ka yi shi ba a guje ba. Gara ka kifa tsohon takalminka ka duba inda ya fi cinyewa. In gefen ciki ne ya cinye sosai, ƙafarka na karkata ciki ke nan duk sanda ka taka, sai ka gwada masu ɗan tauri ta wannan gefen irin su Asics Gel-Kayano ko Brooks Adrenaline. In kuma bakin dunduniya ta waje ne kawai ya ci, wannan kusan kowa haka nasa yake, kar ya dame ka, irin su Nike Pegasus ma sun ishe ka.

Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda dunduniyar takalmin ta ɗara gabansa tudu. Yawanci milimita 8 zuwa 12 ne, wasu kamar yawancin na Altra kuma sifili, a baje suke. Mai dira da dunduniya ya fi jin daɗin mai tudun, bajajjen kuwa agara da sha-raɓa yake ɗora wa aiki, in ka koma masa farat ɗaya wallahi sai ka yi kwanaki kana ɗingishi.

Wajen saye ka je da yamma lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita, ka bar filin faɗin babban yatsan hannu a gaba in ba haka ba farce zai yi baƙi. Ka ɗan yi sassarfa da shi a wurin, duk wanda ya matse ka ajiye shi ko da mai shago ya rantse zai saki, ba ya saki.

Sannan ciwon ƙwaurin nan ba lallai laifin takalmi ba ne, sau da yawa ƙara nisa da gaggawa ke jawo shi, ko soson tafin takalmin ya mutu, don daga kilomita 500 zuwa 800 yawanci ya gama aiki ko da samansa na ƙyalli. Ka rage nisan na sati biyu ka gani, amma in wuri ɗaya ne a kan ƙashin ke zafi in ka danna, ka dakata da gudun ka ga likita tukuna.