Girki da hita a ɗakin ɗalibai a Dang: me zan kiyaye?

Ƙanena, ka ce ku uku ne a ɗaki ɗaya kusa da Jami'ar Ngaoundéré, kuna girki a ciki, kana tsoron gobara.

Fara da soket. Wutarmu volt 220 ce, ralonj (wayar ƙarin soket) mai amfiya 10 kuwa ba ta wuce wat 2,200. Rishon lantarki da hita ko dutsen guga a kanta lokaci ɗaya na iya zarce haka, sai wayar ta yi zafi ta narke. Taɓa filogin, in ya yi zafi ko ya yi baƙi, canza shi. In an ɗauke wuta, cire komai nan take, don gobara takan tashi ne bayan wuta ta dawo ba kowa a ɗaki.

Tukunyar gas kuwa, shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa. Kumfa na nufin yoyo. In ka ji wari, rufe kanta, buɗe taga, kar ka taɓa makunni.

Mai ya kama wuta a kasko? Kashe risho, rufe da murfi. Ruwa fantsama shi zai yi.

Tagoginku na da ƙarfe, ƙofa ce kaɗai mafita, don haka makulli ya kwana a jikinta. In hayaƙi ya cika, ku fita da rarrafe, ku buga wa maƙwabta ƙofa, a kira 118, lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru.