Shin da gaske ne S&P 500 na ba da ribar kashi 10 a kowace shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani mai koyar da zuba jari a intanet ya nuna mana zanen tarihin ma'aunin S&P 500 na kasuwar hannun jarin Amurka, ya ce tun kafa shi yake ba da ribar kashi 10 cikin ɗari duk shekara. Ina da kuɗin da zan buƙata nan da shekara uku, ina so in zuba su, amma hankalina bai kwanta ba. Maganarsa gaskiya ce? Kuma yaya ake karanta tarihin irin wannan ma'auni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya. Adadin da mutumin ya ambata yana da asali, amma ya ɗora masa ma'anar da ba tasa ba. Idan aka lissafa daga 1926, lokacin da ma'aunin, wanda ke bibiyar farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ke ɗauke da kamfanoni 90 kafin a faɗaɗa shi zuwa 500 a watan Maris na 1957, matsakaicin ribar shekara ya kai kusan kashi 10. Sai dai wannan lissafi ya haɗa da ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari, bisa sharaɗin cewa an mayar da ita cikin jarin, kuma idan aka cire hauhawar farashi abin da ya rage bai wuce kusan kashi 7 ba.

Kuskuren da nake cin karo da shi kullum shi ne ɗaukar matsakaici a matsayin alƙawari. Shekarun da ribarsu ta zo kusa da kashi 10 ɗin 'yan kaɗan ne a duk tarihin ma'aunin. A 2008 ya faɗi da kashi 37, a 2013 ya tashi da kusan kashi 32, a 2022 ya sake faɗuwa da kashi 18. Daga irin wannan hawa da sauka ake tace kashi 10, kuma babu wanda ya taɓa karɓarsa a jere kamar albashi.

Akwai kuma lissafin da masu koyarwar nan ba sa son yi a gaban ɗalibai. Wanda ya zuba dala 100, kasuwa ta faɗi da rabi, saura masa 50. Idan ta tashi da kashi 50 a shekara mai zuwa, dala 75 ke hannunsa, alhali matsakaicin shekarun biyu sifili ne a takarda. Daga dala 50 ɗin, kafin ya mayar da uwar kuɗinsa sai kasuwa ta ninka. Wannan ya faru a zahiri: ma'aunin ya kai maki 1,527 (maki shi ne adadin da ke nuna matsayin farashin hannun jarin da ke cikinsa) a Maris na 2000, ya zubar da kusan rabin darajarsa zuwa Oktoban 2002, ya lallaɓa ya kai 1,565 a Oktoban 2007, sannan ya rikito zuwa 676 a Maris na 2009. Bai haye matakin 2007 ba sai a 2013. Wanda ya shiga a farkon 2000 ya fita a ƙarshen 2009, shekara goma ya yi yana jira, ya tashi da asara ko da an haɗa masa ribar da aka raba.

Za a ce maka ai daga baya kasuwa ta farfaɗo. Ta farfaɗo, amma a tambayi yaushe. Dow Jones, wani ma'aunin kasuwar Amurka, ya faɗi da kusan kashi 89 tsakanin Satumbar 1929 da Yulin 1932, kuma makinsa bai koma inda yake ba sai a Nuwambar 1954. Ma'aunin Nikkei 225 na kasuwar Japan ya kai ƙololuwa a ƙarshen Disambar 1989, bai sake taka wurin ba sai a Fabrairun 2024. Masu tallan kwas ba sa nuna zanen Japan, kuma ba mantuwa suka yi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wanda ya yarda cewa kasuwa tana biya daidai wa daida duk shekara ya riga ya buɗe wa ɗan damfara ƙofa. Bernard Madoff, wani mai juya kuɗin masu jari a Amurka, da haka ya ci kasuwarsa shekara da shekaru, yana nuna wa masu jari ribar da ba ta jin faɗuwar kasuwa, har asirinsa ya tonu a Disambar 2008, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 150. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa dukiyar mutane ta salwanta. Duk wanda ya nuna maka layin riba miƙaƙƙe ba lanƙwasa, ko ya yi amfani da sunan S&P 500 yana lamunce maka wani kashi a wata, ka riƙe kuɗinka.

Game da karanta tarihin, ka fara da duba ko zanen na maki ne kawai ko ya haɗa da ribar da aka raba, da ko an cire hauhawar farashi. Ka lura da ranar da aka faro shi, domin zanen da ya fara daga Maris na 2009 zai sa kowa ya ga kasuwa kamar tsani. Ka kuma auna sauyi da kashi cikin ɗari, tunda maki 100 a yau ba su kai nauyin maki 100 a 1990 ba.

Kai da ke da wa'adin shekara uku, shekarun da suka dace ka duba su ne 2000, 2001 da 2002, lokacin da ma'aunin ya faɗi sau uku a jere, da kusan kashi 9, da 12, da 22. Dala 100 da aka zuba a farkonsu ta koma kusan 62 a ƙarshensu. Idan buƙatar da ke gabanka ba za ta jure irin wannan giɓi ba, kuɗin nan ba na kasuwar hannun jari ba ne, ka nema musu ma'ajiyar da darajarsu ba ta hawa da sauka haka.