Lissafin zafin da ke narkar da ƙanƙara ya ɗumama ruwanta

Tambaya: Malam, an ba mu aiki mu lissafa zafin da zai mayar da giram 500 na ƙanƙara mai digiri 0 a ma'aunin Salsiyas ruwa mai digiri 60. Na ninka 500 da 4.2 da 60, na samu jul 126,000 (jul shi ne ma'aunin makamashi), amma littafi ya ce 293,000. Ina kuskurena yake?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka lissafa daidai ne, sai dai rabin aikin ka yi, domin ka fara ɗumama ruwan tun ƙanƙarar ba ta narke ba.

Idan ka sa ma'aunin zafi a cikin ƙanƙara mai narkewa, za ka ga ya tsaya cak a digiri 0 har sai gutsuren ƙarshe ya narke, ko da kuwa wuta tana ci a ƙarƙashinta. Zafin da ke shiga a wannan lokaci ba ɓacewa yake yi ba. Yana ƙarewa ne wajen kwance ɗaurin da ya riƙe ƙwayoyin ruwa wuri guda a cikin ƙanƙara, shi ya sa ma'auni ba ya nuna shi, kuma ake kiransa ɓoyayyen zafi. Masanin nan ɗan Sikotilan, Joseph Black, shi ne ya fara fayyace wannan al'amari a farkon shekarun 1760.

Kowane giram ɗaya na ƙanƙara yana buƙatar jul 334 kafin ya narke, saboda haka 500 sau 334 ya ba ka jul 167,000. Daga nan ne lissafinka zai shigo, tunda giram ɗaya na ruwa yana cin kimanin jul 4.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Ka haɗa 167,000 da 126,000, sai ga 293,000 ɗin littafi.

Ina so ka lura sosai da cewa narkarwar ta fi ɗumamawar cin makamashi. Zafin da ke narkar da giram ɗaya na ƙanƙara ya isa ya kai giram ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan digiri 80, don haka wanda ya tsallake wannan mataki ya bar kaso mafi girma.

A jarrabawa kuma ka riƙa duba inda ƙanƙarar ta faro. Idan digiri 10 ƙasa da sifiri ne, dole a fara kawo ta digiri 0, kuma giram ɗaya na ƙanƙara jul 2.1 yake ci kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, ba 4.2 ba. Sai ka ƙara 500 sau 2.1 sau 10, wato jul 10,500, jimilla ta zama 303,500.