RX-8 tana hayaƙi tana zafi: in yarda a cire tamostat?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Mazda RX-8 ta 2005, 'yar Kwatano. Tana shan baƙin mai, tana shuɗin hayaƙi, shekaranjiya kuma a cunkoso allurar zafi ta haura. Bakanikena ya ce sil ɗin mai ne ya tafi, kuma a cire tamostat a haɗa fanka dairek. Hankalina ya tashi, don bashi na ci na saye ta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye motar nan tukuna. Shan mai kaɗan ba cuta ba ce a injin rotari irin na motarka, wanda ba shi da fistin sai rota mai kusurwa uku da ke juyawa: akwai famfo da ke ɗiga mai cikin ɗakin wuta da gangan don ya jiƙa sil ɗin kusurwoyin rota. Shi ya sa Mazda ta ce a duba mai duk shan fetur na biyu. Zafin ne abin tsoro.

Kowace rota tana da zobban mai a gefenta, a bayansu kuma roba ce ke toshe hanya. Injin Renesis na motarka ta gefe yake fitar da hayaƙi, kusa da zobban, har sai da Mazda ta ƙara wani sil a tsakani don ya kare su. Idan zafi ya yi yawa robar ta ƙandare, mai ya zurara. Gidan rota alminiyam ne, an matse shi tsakanin farantan ƙarfe, kuma ba sa faɗaɗa daidai da juna in sun ɗau zafi. Tafasa ɗaya ta isa ta kashe robar da ke tare ruwa. Allurar nan kuwa ba ta barin tsakiya sai an riga an yi nisa.

Sai maganar tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in injin ya ɗau zafi, maganar da wallahi na gaji da ita. Kullum sai an kawo mini mota an ƙwaƙule shi, wai "na ƙasar sanyi ne, nan zafi gare mu". Wa ya faɗa musu? Tamostat yana buɗewa a wajen digiri 82, ko a Kano ko a Hiroshima inda aka ƙera motar. Na wannan injin aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ke maida ruwa cikin injin. Ka cire shi, ka bar gajeriyar a buɗe, ruwa ya riƙa zagaye a ciki bai je ya huce ba. An je neman ƙiba an samo rama. Da asuba kuma injin ya daɗe bai ɗumi ba, fetur ya wanke man da ke jikin sil, gawayi ya taru. Wanda ya cire ya karɓi kuɗinsa ya jefa tamostat ɗin a kwata, kai ne za ka sayi injin. Idan ka yi musu ya ce shekararsa 20 yana haka. Shekara 20 a kan fistin, Malam, ba a kan rota ba.

A sa sabon tamostat na asali, a duba fankoki biyun da murfin tankin ruwa, a wanke lagireto da kular mai da ke bayan bamba, domin mai ne ke sanyaya cikin rota. A daina zuba ruwan rijiya. Sannan a gwada: kumfa a tankin ruwa ko farin hayaƙi mai zaƙin wari, robar ruwa ce. Shuɗin da bai yanke ba bayan injin ya ɗumi, zobban mai ne. Ko wanne ne, sai an sauke injin an buɗe, babu maganin gwangwani da zai gyara shi.