Amsa: Karkataccen rubutu a mujallar ƙungiya

Malama, kin ce kina shirya mujallar ƙungiyarku ta mata a nan Maradi, kina son karkatattun haruffan nan masu ƴan ƙafafu, wato italik na serif, kina tambaya ko za ki zuba su ko'ina.

A'a, kada ki zuba. Ni ma ina ƙaunarsu, amma idan shafi ya cika da su ido na gajiya. Ki ajiye su don sunan littafi, bayanin ƙasan hoto, gajeriyar gabatarwa, ko kalmar Faransanci da ta shigo cikin Hausa. Asalinsu kwaikwayon rubutun hannu ne. A Italiya wani mai maɗaba'a, Aldus Manutius, ya fara buga littafi da su a 1501.

Babbar matsalarmu ita ce haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Salon haruffan kwamfuta da yawa ba su da su. Na taɓa buga katin gayyata, duk kalmomin sun karkata gwanin sha'awa, sai ƙ ɗin "ƙungiya" ta tsaya ƙiƙam, domin kwamfuta ta aro ta daga wani salon. Raina ya ɓaci sosai. Ki gwada salon Gentium, Charis SIL ko Noto Serif. Kyauta ne, kuma suna da haruffanmu.

Ki sauke italik ɗin na ainihi. In babu shi, kwamfuta tankwara miƙaƙƙen kawai take yi, sai ya fito a matse.

Kafin a buga duka, ki kai wa mai maɗaba'a fayil ɗin PDF, ya fitar da shafi ɗaya a takardar da za ku yi aiki da ita. Siraran layukan kan dushe a takarda mai arha.