Akwatin Gilashi da Ranar Watan Afrilu

Ɗana, yaron da ka aiko ya faɗa mini tambayarka: ka gama ɗan fagen kwaikwayon tashar motar nan da ka jera wa 'yan ƙananan motoci uku, mai saye yana matsa maka, kuma kana son sanin ko za ka liƙe akwatin gilashin da gam ɗin nan mai kamun nan take da ake sayarwa a ɗan bututu, domin kada ƙurar hunturu ta shiga. Kada ka liƙe shi. Da wani ne ya tambaye ni, da a nan zan tsaya, amma kai shekara uku kana zaune gefen teburina, kuma tambayar ta tayar mini da wani miki da har yau bai warke ba, saboda haka sai ka saurara.

Tun kafin ka zo wurina, wani Alhaji mai motocin sufuri a nan Yamai ya same ni a rumfata, ya ce yana son abin da zai ajiye a ɗakin karɓar baƙi na sabon ofishinsa, abin da duk wanda ya shigo zai tsaya ya kalla. Ni na ba shi shawarar a yi itacen Tenere, wannan itacen ƙaya da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada yana nuna wa ayarin gishiri hanya tsakanin Agadez da Bilma, har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973, aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo gidan tarihi na ƙasa, wanda yanzu ake kira Boubou Hama. Na yi ta zuwa gidan tarihin ina zama gaban itacen da takarda da fensir, domin ban yarda in ƙaga reshe ɗaya da kaina ba. A gindinsa na shirya rijiya, da raƙuma biyu a durƙushe, da motoci uku: Berliet irin Gazelle, wato manyan motocin ɗaukar kaya da suka ratsa Tenere a 1959 da 1960, da Land Rover, da Peugeot 404 a-kori-kura mai tampol.

Duka a awo ɗaya na yi su, wato 1/43, komai an rage tsawonsa sau 43. Ba sai na tuna maka ba, a wannan awo mutum mai tsawon mita 1.72 yana komawa santimita 4, kuma ƙwayar yashi mai kaurin milimita ɗaya tana zama dutse mai girma kamar ƙwan zabo idan ka ajiye ta kusa da taya. Shi ya sa na tankaɗe rairayin sau uku da ƙyallen ɗankwali har ya koma kamar garin tuwo, na haɗa shi da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa, na shimfiɗa shi siriri siriri, kowane shimfiɗi sai ya bushe kafin in ƙara wani. Land Rover da 404 na ƙarfen zubi ne, na kamfanonin Faransa, na saye su hannun wani Bature da ke shirin komawa gida, na kankare fentinsu na sake musu launi da tsufa irin na motar da ta sha hanya. Berliet kuwa babu inda zan samo ta, da hannuna na gina ta tun daga shasi, da gwangwani da wayar tagulla da fallayen roba masu kaurin farce, kuma kan motar kaɗai ya cinye mini mako biyar. Aikin gaba ɗaya wata huɗu ya ɗauka.

Mun yi ciniki a kan jaka 400 na sefa, ya ba ni jaka 100 na kafin alƙalami, sauran sai an kai kaya. Ban rubuta takarda ba, ban kira shaida ba, domin mutumin ɗan garinmu ne, dukanmu daga Tahoua muka fito, kuma akwai surukuta tsakanin danginmu, sai kunya ta hana ni. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba. Na biyu shi ne, na gaya masa a bar aikin ya sha iska kwana goma sha huɗu kafin a kife masa gilashi, domin fenti da gam suna ci gaba da fitar da tururi ko bayan sun bushe a hannu, ya ce ai ranar buɗe ofis ta matso, an riga an gayyaci manyan mutane. Ya aiko yaransa da mota wata ranar Alhamis, suka ce Alhaji ya ce gani kawai zai yi a mayar. Na ba su.

Bayan kwana tara aka aiko kirana. Da na shiga ɗakin na ga abin da aka yi, sai da na dafa bango. Sun kira mai yankan gilashi daga kasuwa ya liƙe akwatin ruf a kan katakon da wannan gam ɗin da kake tambaya a kansa, babu ko ƙofar allura da iska za ta bi. Sannan suka ɗora shi a kan tebur jikin wata babbar taga mai kallon yamma, a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 a inuwa. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da aka rufe a rana bayan azahar ya san abin da gilashi ke yi da zafi: yana barin sa ya shiga, ba ya barin sa ya fita. Tururin gam ɗin ya bi cikin gilashin ya bar masa farin hazo, ya kwanta a jikin motocin, har sawun yatsun mutumin da ya taɓa su ya fito fari fat a kan baƙin fenti. Rufin Berliet ya lanƙwashe ya faɗa ciki, ƙofofinta sun buɗe baki, gilashin gaban 404 ya kumbura ya fita daga gurbinsa, tayoyin sun yi laushi sun manne da rairayi. Katakon ƙasa ya tsuke da zafi, sai fagen ya tsage tun daga bakin rijiya har gindin itacen.

Alhaji yana zaune, bai ce mini in zauna ba. A gaban yaransa ya ce aikin banza na yi masa, na sa masa kayan bogi, na kunyata shi a idon baƙinsa, kuma shi ne ma ya kamata ya nemi in mayar masa da jaka 100 ɗinsa. Na ce masa ranka ya daɗe, ai na faɗa a jira, kuma ba ni na liƙe ba, ba ni na zaɓi tagar ba. Ya ce wa ya ji lokacin da na faɗa. Babu wanda ya ji, domin mu biyu ne a rumfa ranar. Na roƙe shi ko motocin ƙarfen nan biyu ya ba ni in rage asara, ya ce kayansa ne tunda ya biya. Dattawan garinmu suka shiga maganar, suka ce in yi haƙuri saboda zumunci, na yi shiru kamar yadda aka ce. Bayan wata biyu na wuce ta ƙofar gidansa, na ga jikansa yana jan 404 ɗin da zare a cikin ƙasa, babu taya ɗaya, babu tampol ɗin da na ɗinka da allurar ɗinkin hula. Jaka 300 ɗin ba su ne ke ci mini rai ba yanzu. Abin da ke ci mini rai shi ne, akwai mutanen da suka shiga ofishin nan suka ga narkakkiyar Berliet aka ce musu aikina ne, kuma har su mutu haka za su san ni.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Ka sassaƙa ɗan kwari a gefen katakon zagaye, daidai kaurin gilashin, ka shimfiɗa masa siririn ƙyalle mai laushi, akwatin ya zauna a ciki da nauyinsa. Ƙyallen zai tare ƙura, kuma duk ranar da aka so gyara za a ɗaga gilashin a mayar. Ka huda ƙananan kafofi biyu a katakon ta bayan fagen inda ido ba ya kaiwa, ka toshe su da auduga, domin abin ya riƙa numfashi. Motocin ma kada ka manne tayoyinsu, ka ɗaure su ta ƙasa da siririyar waya a jikin gatarin taya, ka murɗe ta a ƙarƙashin katakon. Yadda ake haɗa kusurwar gilashi da yadda ake goge shi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba bayan shekara uku sai ya nemi wata sana'a. Amma katakon da ka sayo a kasuwar Katako, in ɗanye ne, ka sani zai tsuke ya tsaga maka fage tun kafin damina, kuma in ba ka shafe shi ciki da waje ba gara za ta same shi.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne, a waya kuke koyon sana'a. Kuna kallon Bature a ƙasar da ake kunna wuta a ɗaki saboda sanyi yana ajiye motocinsa a bakin taga, sai ku ɗauka haka ake yi ko'ina. Shi bai san ƙurar hunturu ba, bai san zafin bazara ba, bai san gara ba. Kuma gam bai gama bushewa ba kun ɗauki hoto kun sa a Facebook, mai saye ya gani ya fara kiran waya, ku kuma ba ku iya ce wa mai kuɗi a'a ba. Mu da muka fara da motar kara da ta gwangwanin madara muna yara a Tahoua, rana ce ta fara koya mana abin da ke jurewa da abin da ba ya jurewa.

Kafin kayan nan su bar hannunka, ka tafi da ƙafarka gidan mutumin da la'asar, ka ga bangon da zai ajiye su, ka duba inda hasken taga ke faɗuwa a wannan lokaci. In rana tana taɓa wurin ko na rabin awa ne, ka ce masa a sake wuri, in ya ƙi ka sa ya rubuta da hannunsa cewa ka faɗa masa. Ragowar kuɗinka kuma ka karɓe su a rumfa gaban mutum biyu kafin a ɗaga katakon daga tebur, ko da mai sayen kawunka ne. Yaron ya ce shekaranjiya ka yi fentin ƙarshe, to sauranka kwana goma sha biyu. Ka gaya wa mai sayen ni na hana, in yana da magana ya zo ya same ni. Gobe bayan sallar asuba ka kawo mini katakon da gilashin, ka bar motocin a gida cikin inuwa, ni zan sassaƙa kwarin farko kana kallo.