Tarwadata na mutuwa da asuba, ko in koma kiwon kifin Sin?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Tawa. Ina da kwami biyu na siminti a bayan gida, ina kiwon tarwada. A watan Afrilu na tashi sallar asuba na tarar da su cunkushe a saman ruwa suna hangame baki, wasu sun riga sun juya ciki. Wani abokina ya ce a Sin akwai kifin da yake numfashi da hanji, ba ruwansa da iskar cikin ruwa. In nemo shi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya mayar da alheri. Kifin da abokinka ya faɗa akwai shi. Siriri ne mai gashin baki, Japanawa suna ce masa dojo, ana kiwonsa a Sin da Koriya da Japan. Idan oksijin, wato iskar numfashi da ke cikin ruwa, ya yi ƙaranci sai kifin ya taso ya haɗiyi iska, ƙarshen hanjinsa ya tsotse ta, sauran ta fita ta baya. Amma masu kiwonsa su ma suna sa injin hura iska, don kifin da ya wuni yana hawa da sauka neman numfashi ba ya cin abinci sosai, ba ya yin nauyi. Kuma in ruwa ya haura digiri 30 sai ya nutse cikin laka ya lafe. Ina ga zafin Tawa na Afrilu da Mayu?

Tarwadarka ma tana da irin wannan baiwa. A cikin kanta, sama da kunnuwan da take numfashi da su a ruwa, akwai wata gaɓa mai rassa da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take daɗewa a kan tudu ba ta mutu ba. Ƙananan da ba su wuce ƴan makonni ba ne ba su da ita tukuna. To in har babbar tarwada ta mutu, ruwan ya lalace ƙwarai, ƙarancin oksijin ya haɗu da dattin kashi da ragowar abinci.

Ni ma na sha wannan a Yamai, a daren da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, famfona ya tsaya. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba, alhali a zafi ne kifi ya fi buƙata. Koren nan na cikin kwami yana ba da oksijin da rana, da dare kuma shi ma ja yake yi, tare da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti. Shi ya sa asuba ce lokacin ɓarna.

Ranar da ka gan su haka, kada ka zuba abinci. Zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan ta ƙasa, inda dattin yake. Sabon ruwan kada ka cusa tiyo cikin kwami, ruwan rijiyar burtsatse oksijin ɗinsa kaɗan ne; ɗaga shi sama ya zubo yana fantsama. Yi wa kwamin rumfar zana, ka rage yawan kifin kafin zafi ya shigo. In da hali, ƙaramin injin hura iska mai batir da faifan sola, ka kunna shi daga tsakar dare zuwa hantsi.